Yadda Ake Auna Wutar Sola Ba Tare da An Ƙona Kwamfuta Ba

A bara wani abokina a Gusau ya haɗa ƴar na'ura da allon Arduino don ta riƙa nuna masa ƙarfin wutar da faifan solarsa ke bayarwa. Lissafinsa daidai yake. Amma yana jona ta da kwamfutarsa ta wayar USB sai ƙauri ya tashi, allon ya ƙone, ramin USB ɗin ma ya tafi. Me ya faru?

Ina matsalar take?

Arduino Uno ba ya karanta abin da ya wuce bolt 5. Shi kuwa faifan sola babba guda yakan ba da bolt 40 zuwa 50, kuma idan aka jera goma, kamar yadda ake yi wa inbata ko famfon rijiyar burtsatse irin waɗanda ake gani a Tsafe da Bunguɗu, wutar ta kai bolt 400 zuwa 500 ke nan. Abin da aka saba yi shi ne a rage ta da resista biyu, babba da ƙarama, a auna abin da ya faɗa kan ƙaramar.

Rage wuta daban, raba hanya daban. Baƙar wayar solar tana nan haɗe da baƙar wayar Arduino, ita kuma ta bi USB ta shiga kwamfuta, sau da yawa har zuwa layin ƙasa ta fulogin caja. A inbatocin zamani marasa taransifoma, baƙar wayar faifan ba daidai take da ƙasa ba. Ana iya samun ɗaruruwan bolt a tsakaninsu. Wuta ta samu gada ke nan, kuma mai riƙe da kwamfutar ma yana kan gadar.

Ga wani haɗarin kuma. Wutar NEPA, wato AC, tana komawa sifiri sau 100 a kowace daƙiƙa, shi ya sa tartsatsinta kan mutu da kansa. Wutar DC ba ta komawa sifiri, in ta kama tartsatsi sai ta ci gaba da ci.

Saƙo ya wuce, wuta ta tsaya

Abin da muke so shi ne adadin ya ƙetare zuwa ɓangaren kwamfuta, amma kada a samu ko waya ɗaya da ta haɗa ɓangarorin biyu. Taransifoma ba za ta yi ba, domin tun 1831 Michael Faraday ya nuna cewa sai maganaɗisu yana sauyawa yake haifar da wuta, ita kuwa DC a tsaye take. Hanyoyi uku aka fi bi:

Ta farko, haske. A cikin ƴar na'urar PC817 akwai ƙaramar fitila da abin da ke ganin haskenta, babu waya tsakaninsu. Tana da araha, amma ba ta dace da awo ba: zafi da tsufa suna sauya amsarta. Abin da ta nuna da sanyin safiyar hunturu ba shi za ta nuna da tsakar ranar Afrilu a Gusau ba. Irin su HCNR200 da IL300 sun gyara wannan da ido biyu, ɗaya na aika saƙo, ɗaya na sa ido kan fitilar.

Ta biyu, AMC1311. Tana karɓar bolt 0 zuwa 2, ta mayar da shi saƙon dijital, ta tsallakar da shi ta wani siririn shinge, sannan ta maido da shi a ɗaya ɓangaren. Idan ka jera resista uku masu megaom 1 da ɗaya mai kiloom 10, bolt 500 zai sauko kusan 1.66. Ana jera uku ne don ƙaramar resista guda ba ta jure fiye da bolt 250 ko makamancin haka.

Ta uku, a ajiye na'urar awon, misali ADS1115, a ɓangaren solar, a tura lambobin ta ADuM1250 ko ISO1540.

Kuskuren da aka fi yi

Ɓangaren solar shi ma yana buƙatar bolt 5 ɗinsa. Idan ka ɗebo masa daga Arduino, ka gina katanga ka bar ƙofa a buɗe. Sai an sa masa keɓaɓɓiyar hanyar wuta irin B0505S, kuma a duba takardarta a tabbatar za ta jure ƙarfin da zai zauna a kanta kullum. Sannan a bar tazara a kan allon, a rufe shi cikin akwati, domin ƙurar hunturu in ta haɗu da laimar damina takan zama hanyar wuta.

Kafin ka jona komai, ɗauki mita ka gwada tsakanin baƙar wayar ɓangarorin biyu. In ta yi ƙara, akwai sauran aiki. Kuma in wutar ta kai ɗaruruwan bolt, kada ka yi gwajin kai kaɗai. Nemi ƙwararren mai aikin sola ya tsaya tare da kai.