Amsoshin Takardunku: Ƙurar Fasa Dutse

Wani mai sauraro daga Roni yana tambaya: shin wa ke duba wuraren fasa dutse saboda lafiyar ma'aikata?

To Malam, bisa dokar ma'adinai ta 2007, aikin sufetocin ma'adinai ne na Gwamnatin Tarayya. Amma fa kada ka zauna jiransu. Ƙurar dutse in ta taru a huhu, takan jawo ciwon da ba ya warkewa, tarin fuka kuma ya sami saurin kama mutum. Saboda haka ku manoman Kazaure da Gwiwa masu wannan aiki da rani, ku riƙa jiƙa dutse da ruwa, ku sa takunkumin ƙura, don rawani ba ya tare ta. Tari in ya wuce mako biyu, sai asibiti.