Nahawu da Taswirar Ma'ana a Aikin Ƙirar Manhaja

1. Gabatarwa

Kafin a rubuta wa kwamfuta umurni ko guda, wajibi ne a amsa wata tambaya wadda ba ta lissafi ba ce: waɗanne abubuwa ne ake da su a fagen da manhajar za ta yi wa aiki, kuma wace dangantaka ce tsakaninsu? In makaranta ce, akwai ɗalibai da malamai da darussa. In asibiti ce, akwai majinyata da likitoci da magunguna. Zanen da ake yi domin nuna waɗannan abubuwa da sifofinsu da yadda suke haɗuwa shi ne za mu kira taswirar ma'ana. A kanta ake gina rumbun bayanai, watau ma'ajiyar da kwamfuta ke tsare labari a cikinta, kuma duk karkatar da ta shiga taswira sai ta bi ginin har rufi.

Batun ya shafi masu nazarin harshe, domin daga nahawu injiniyoyi suka aro dabarar da suka fi koya wa ɗalibansu. A wannan maƙala za mu yi ƙoƙari mu nuna inda dabarar ta yi rana da inda ta gaza.

2. Dabarar Chen

A shekara ta 1976 Peter Chen, haifaffen Taiwan mai aiki a Amurka, ya fitar da tsarin da ya raba kome gida uku: abu, sifa da dangantaka. Abu ana zana shi a akwati mai kusurwa huɗu, dangantaka kuwa a wani akwati tsaye bisa kusurwarsa, a ja layi a haɗa su. A ƙarshen shekarun 1970 Faransa ta samar da nata tsarin mai suna Merise, wanda aka daɗe ana koyarwa a ƙasashen da ke aiki da Faransanci. A 1997 kuma aka amince da UML, hanyar zane wadda ta haɗa dabarun Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson. Zanen ya bambanta, amma tambayar ɗaya ce.

To, yaya mai zane zai gane abin da ya cancanci akwati? A 1983 Chen ya ba da amsa daga ginin jimlar Ingilishi. A taƙaice, suna gama-gari shi ne nau'in abu, aikatau mai karɓau shi ne dangantaka, sifa ta nahawu kuwa sifar abu ce. Alal misali:

(1) Malami yana koyar da darasi.
(2) Ɗalibi yana ɗaukar darasi.

Daga nan sai a sami akwati uku da dangantaka biyu, saura a faɗi adadi, watau darasi nawa malami ɗaya zai iya koyarwa. Ba shakka dabara ce mai amfani, domin tana sa injiniya ya saurari masu aikin da bakinsu kafin ya fara zane. Sai dai wanda ya san Hausa zai ga gurguntakarta tun daga ƙa'ida ta uku. Sifofin asali a Hausa ƴan kaɗan ne, irin su babba, sabo, fari, dogo. Galibin abin da Ingilishi ke faɗa da sifa mu da suna muke faɗarsa, mu ce yana da nauyi, ko mai faɗi, ko maras zurfi. Waɗannan su ne sunayen da F. W. Parsons ya yi nazarinsu a 1955. Wanda ya bi ƙa'idar ido rufe, sai ya zana wa nauyi akwati kamar yadda ya zana wa buhu. Ashe ke nan rabe-raben kalmomi na harshe guda ba shi ne rabe-raben abubuwan duniya ba.

3. Sunaye uku, hali uku

Babbar matsalar tana ga ƙa'ida ta farko. A duba mutum, yaro da ɗalibi. A nahawu ba abin da ya raba su: duka sunaye ne gama-gari, suna da jinsi, suna da jam'i, suna zama a gurbi ɗaya cikin jimla. Amma a gwada su haka:

(3) Ya daina zama ɗalibi, amma yana nan.
(4) Ya wuce yaro, amma yana nan.
(5) *Ya daina zama mutum, amma yana nan.

Jimla ta (5) ba ta karɓuwa sai a kan ma'anar aro, irin wadda ake nufi in an ce wane ya zama mutum, watau ya yi hankali. Wannan kuwa wata magana ce daban. A ma'ana ta zahiri, ranar da ya daina zama mutum ya daina samuwa.

Wannan bambanci shi ne Nicola Guarino na Italiya da Christopher Welty na Amurka suka mayar ma'auni a tsarin da suka kira OntoClean, wajen shekarun 2000 zuwa 2002. Sun ce akwai sifa lazima, wadda duk mai ita ba ya rabuwa da ita muddin yana nan, akwai kuma mai gushewa, wadda duk mai ita yana iya rabuwa da ita. Ƙa'idarsu ita ce nau'i mai gushewa ba ya zama uwa ga nau'i lazimi. Sun ƙara da cewa kowane abu yana bukatar ma'aunin da za a gane shi da shi, a ce wannan shi ne na jiya. Ɗalibi kuwa ba shi da ma'auni na kansa, na mutum yake ara.

Giancarlo Guizzardi, ɗan Birazil, ya ci gaba daga nan a kundin digirinsa na 2005 a jami'ar Twente ta ƙasar Holand, inda harshen zane mai suna OntoUML ya samo asali. Ya raba nau'i mai gushewa gida biyu. Yaro mataki ne: ana shigarsa ana fita saboda sauyin da ke jikin mutum kansa. Ɗalibi matsayi ne: ba a zama shi sai da wani abu na waje, watau makaranta. Mutum shi ne iri, tushen da sauran ke rataye a kansa.

Mai karatu na iya cewa wannan gardamar malamai ce. To, a ɗauka an zana wa ɗalibi akwatinsa, an zana wa malami nasa, kowanne da suna da ranar haihuwa da gari, ba a zana mutum ba. Sai ga wanda ke koyar da ajin yaƙi da jahilci da safe, da dare kuma yana ɗaukar darasi. Dole ya shiga rumbu sau biyu. In an ƙidaya mutane ya zama biyu. In ya sauya gari aka gyara a wuri ɗaya, rumbun ya saɓa wa kansa. In ya gama karatu aka share layinsa, to, mai yiwuwa an share tarihin da za a nema gobe. Ba a yi kuskuren lissafi ko ɗaya ba, kwamfuta ta bi abin da aka gaya mata daidai. Haka kuma abokin ciniki: in an sa shi ƙarƙashin mutum an kori kamfanoni, in an sa mutum ƙarƙashinsa an ce kowane ɗan Adam abokin ciniki ne tun haihuwa.

Wannan hanyar bincike ita ake kira ontoloji, watau ilimin abin da ke samamme. Kalmar ta falsafa ce, amma tun bayanin da Tom Gruber ya yi a 1993 masu kwamfuta suke amfani da ita ga duk jerin ma'anoni da aka fayyace a sarari domin injuna su yi tarayya a kai. Kuma ba baƙuwa ba ce gare mu kamar yadda sunan ke nunawa. Wanda ya karanta Sullam na Ahlari, malamin ƙarni na 16, ya riga ya san jinsi da nau'i da faslu da hassa da aradi, rabon da ya taso daga Furfuriyus na ƙarni na 3 ya biyo ta hannun masana manɗiƙi Larabawa. A ganina, duk mai neman kalmomin Hausa na wannan fanni daga can ya kamata ya fara, kafin ya juya ga ƙamus na Faransanci.

4. Abin da aikatau ke ɓoyewa

Ƙa'ida ta biyu ma tana da nata ramin. In an ce wane ya auri wance, Chen zai ba mu dangantaka tsakanin mutum biyu, kuma a lissafi dangantaka jerin tagwaye ce, wannan da waccan. To, in suka rabu, bayan shekaru suka sake ɗaura wani auren fa? Mutanen ba su sauya ba, saboda haka jerin ba ya iya raba na fari da na biyu, alhali kowanne yana da ranarsa da sadakinsa da shaidunsa. Guizzardi ya ce a bayan irin wannan dangantaka akwai wani abu mai zaman kansa, wanda ke farawa, ya sauya, ya ƙare, kuma shi ya cancanci akwati. Hausa ta riga ta ba shi suna, tunda muna cewa igiyar aure, har mu ƙidaya ta. Rajistar makaranta da yarjejeniyar aiki da bashi duk igiyoyi ne ta wannan fuska, kuma igiyar ce ke ba mutum matsayinsa na miji ko ɗalibi ko mabaraci.

5. Kalma ɗaya, abu huɗu

Wani lokaci kuma suna guda ne ke rufe abubuwa da dama:

(6) Littafin ya yage.
(7) Littafin ya ƙare a kasuwa.
(8) An fassara littafin.

A (6) takarda ce da ke hannu, a (7) bugu ne gaba ɗaya, a (8) kuwa ba takarda ake nufi ba sam. A 1998 ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, ta fitar da taswirar FRBR wadda ta raba littafi hawa huɗu, da za mu kira talifi, nassi, bugu da kwafi. A 2017 aka haɗa ta da ƴan uwanta a sabon tsari mai suna LRM, amma hawa huɗun suna nan. A ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin da ya ƙaga shi ne talifi. Hausar da aka buga a 1934 nassi ce, fassarar Ingilishi ta Mervyn Hiskett ta 1967 wani nassi ne na wannan talifi. Kowane fitowa daga maɗaba'a bugu ne, wanda ke kan kanta kuma kwafi. Amma fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 sabon talifi ne mai dangantaka da na fari, domin an sake ƙagawa.

Haɗarin da Guarino ya yi gargaɗi a kansa yana fitowa ne ranar da za a haɗa rumbu biyu. Ɗaya ya ƙidaya kwafi, ɗaya ya ƙidaya talifi, dukansu sun rubuta littafi a kan layi. Injuna za su yarda da juna nan take, a tara, a sami adadin da ba ya nufin kome. Ya kira wannan yarjejeniyar ƙarya, kuma ta fi saɓani muni, domin saɓani ana ganinsa.

Saura tambayar da ta fi kusa da masu tsara karatun manya: littafin da aka juya daga ajami zuwa boko, ko daga ƙa'idar rubutun Nijeriya mai 'y zuwa ta Nijar mai ƴ, sabon nassi ne ko sabon bugu kawai? FRBR ta bar zurfin irin wannan rabo ga bukatar masu amfani da rumbun. Ga ɗakin karatu na gama-gari bugu ya isa. Ga wanda zai raba littattafai a azuzuwa kuwa, ra'ayina shi ne a ware shi nassi daban, a ba nassi sifar da ke faɗin irin rubutunsa, domin abin da zai tambayi rumbun shi ne kwafi nawa ake da su a rubutun da ɗalibansa suka koya.