Ina Ɗan Maiduguri Zai Kwana Ya Kalli Taurari?

A watan Janairun 2021 ’yan ta da ƙayar baya suka kayar da turakun layin lantarkin da ke zuwa Maiduguri daga Damaturu, garin ya shafe watanni cikin duhu. An sha wuya, amma duk wanda ya kwana tsakar gida a lokacin ya ga sama maƙil da taurari. Yanzu ga tashar wuta mai aiki da iskar gas da aka buɗe a 2023, ga fitilun sola a tituna, ga janareto. Haskensu kan tashi ya gauraya da ƙura, ya shafe ƙananan taurari.

A wasu ƙasashe maganin bai da wuya: ka fita bayan gari, ka kama ɗaki inda ba fitila. A Borno ba haka abin yake ba. Wuraren da suka fi duhu kusa da gari, wajen Konduga, Mafa da hanyar Damboa, su ne waɗanda ba a kwana a filinsu. Ko madatsar Alau da ke nan kusa ba wurin hirar dare ba ce. Mutum a daji da tsakar dare, riƙe da madubin hangen nesa, wa zai tsaya sauraron bayaninsa? Don haka a nan sai an sami makwanci mai tsaro kafin a yi zancen duhu.

Mai hali yana iya nausawa Yankari a jihar Bauchi. Tafiyar wuni guda ce, amma sansanin Wikki yana can tsakiyar daji, kusan kilomita 40 daga ƙofar shiga, da ɗakunan kwana, ba wani gari kusa da zai ɓata sama. A Yobe akwai dausayin tsuntsaye na Dagona da tuddan yashi na Bulatura a Yusufari, dukansu ƙarƙashin Gandun Dajin Tafkin Chadi. Masauki sai a Gashuwa ko Nguru. Ko ina ne, a yi tafiyar da rana, a kuma tambayi ma’aikatan wurin halin da ake ciki kafin a tashi.

Sai dai a ganina, zaɓen lokaci ya fi nisan tafiya amfani. Da damina gajimare ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi, hazo ya toshe sama ko da a tsakiyar Sahara kake. Tsakaninsu, Oktoba da Nuwamba, ruwa ya wanke iska, hazo bai kankama ba. A cikinsu ma a nemi dararen ƙarshen watan Musulunci, daga 26 zuwa tsayuwar sabo, lokacin da farin wata ba ya kan sama. A irin wannan dare, rufin bene a unguwar gefen gari ma yana biya.

A kashe fitilun gida, a kife waya. Ido yana buƙatar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, leƙa WhatsApp sau ɗaya kuma ya mayar da aiki baya. In dole sai da tocila, a rufe bakinta da jar leda.

A Nuwamba, bayan isha’i, Kaza da ’ya’yanta tana gabas. Ita ce malaman lissafin taurari ke kira Surayya. Mai ido lafiya yakan ƙirga shida, da ƙaramin madubi kuwa su zama gommai. Tauraron arewa yana ƙasa-ƙasa, kamar faɗin dunƙulen hannu daga doron ƙasa, domin Maiduguri tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Kusan saitin ka, ɗan arewa kaɗan, akwai wani fari-fari mai dishi-dishi: tarin taurarin Andromeda ne, haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5. Shi ne ma’auni mai kyau. Idan ido ya kama shi ba tare da na’ura ba, wurin ya yi duhun da ake nema.