Tiyatar Nakasar Sprengel

Nakasar Sprengel matsala ce da ake haihuwar yaro da ita, inda allon kafaɗa ɗaya yake zama sama da inda ya kamata, kusa da wuya. An sanya mata sunan likitan tiyata ɗan ƙasar Jamus, Otto Sprengel, wanda ya yi bayaninta a shekarar 1891. Ta fi samun 'yan mata, kuma galibi gefe ɗaya take kamawa. Ana yin tiyatar ne domin sauko da allon kafaɗar da ƙara wa hannu damar ɗagawa.

Yadda take faruwa

A farkon makonnin ciki, allon kafaɗa yana fara samuwa ne daidai wuya, sannan ya sauko a hankali zuwa bayan haƙarƙari kafin cikar wata uku. Idan saukowar ba ta kammala ba, allon yakan tsaya a sama, ya zama ƙarami, tsokokin da ke kewaye da shi kuma su yi rauni. A wasu yaran akwai wani ƙarin ƙashi ko guringuntsi da ke ɗaure allon da ƙasusuwan wuya. Matsalar tana yawan zuwa tare da karkacewar ƙashin baya, ciwon Klippel-Feil da ke haɗe ƙasusuwan wuya, da matsalolin haƙarƙari ko ƙoda.

Wanda ake yi wa tiyata

Likitoci suna amfani da ma'aunin Cavendish na shekarar 1972, mai matakai huɗu. A mataki na 1 ba a ganin nakasar idan yaro yana sanye da riga. A mataki na 3 kafaɗar ta ɗara ɗayar da santimita 2 zuwa 5, a mataki na 4 kuwa allon yana kusa da ƙeya. Yawanci masu mataki na 3 da na 4 ake yi wa aiki, tsakanin shekara 3 zuwa 8 da haihuwa.

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara: ta Green (1957) da ta Woodward (1961). A hanyar Green ana kwance tsokoki daga jikin allon kafaɗar, a ta Woodward kuma ana kwance su daga ƙashin baya a mayar da su ƙasa. A duka biyun ana cire ƙashin da ya ɗaure allon, a kuma yanke kusurwarsa ta sama.

Sakamako na dogon lokaci

Bibiyar marasa lafiya na tsawon shekaru ta nuna cewa ci gaban da aka samu yakan ɗore har girma. Akasarin yaran suna samun ƙarin ɗaga hannu, sau da yawa da digiri 30 zuwa 50, wanda ke sauƙaƙa sa tufafi da miƙa hannu sama. Kamannin kafaɗa ma yakan inganta da mataki ɗaya ko biyu a ma'aunin Cavendish.

Duk da haka, tiyata ba ta mayar da kafaɗar daidai da ɗayar. Allon yana nan ƙarami, kuma idan akwai ciwon Klippel-Feil, gajartar wuya ba ta canzawa. Yaran da aka yi wa aikin da wuri sun fi samun sakamako mai kyau, saboda tsokokinsu ba su riga sun ƙage ba. Atisayen motsa hannu bayan tiyata yana taimakawa wajen riƙe abin da aka samu.

Matsalolin da ke iya biyo baya

Mafi hatsari shi ne matsewar jijiyoyin da ke fitowa daga wuya zuwa hannu, abin da kan jawo raunin hannu. Yawanci raunin na ɗan lokaci ne, amma hatsarin ya fi yawa ga manyan yara. Domin rage shi, wasu likitoci kan yanka ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji kafin su ja allon ƙasa. Sauran matsalolin sun haɗa da faɗaɗar tabo a baya, turowar allon waje, da sake tsirowar ƙashin da aka yanke.