Auren leda: yadda « greffage radiochimique » yake, da sunan da ya dace da shi a Hausa

Duk mai lambun da ya taɓa yin auren mangwaro ya san aikin: a tsaga uwar itace, a cusa reshen wani iri, a ɗaure. Wannan hoto ne masana kimiyya suka ara da suka ce greffage. Kafin mu tsai da kalma a Hausa, ya kamata mu dubi abin da ke faruwa cikin ledar kanta.

Leda irin poliyetilen polimer ce, wato dogayen sarƙoƙi da aka jera daga ƴan ƙwayoyi iri ɗaya, kowace ƙwaya sunanta monomer. Idan aka haska ta da hasken gama na kobal 60, ko da kwararar elektoron, sai wasu maɗaurai su tsinke, su bar gurabe masu neman abokin haɗi. Su ake kira radikal. A nan ne baƙon monomer, kamar asid akirilik, yake kamawa, wani ya kama bayansa, har reshe ya tsaya. Poliyetilen ba ta jiƙa. Bayan wannan aiki tana shan ruwa, shi ya sa ake yin shamakin cikin wasu batura da ita. Hasken kobal kuwa wucewa yake yi, ba ya mai da ledar abu mai fitar da haske.

Ana iya haska leda tana cikin ruwan monomer, ko a fara haska ta sannan a tsoma. Hanyar farko tana da illa: monomer yakan ƙulla tasa sarƙa a gefe, ba tare da ya kama leda ba. Adolphe Chapiro, masanin Faransa, ya yi dogon bayani kan waɗannan hanyoyi a littafinsa na 1962.

A ganinmu « shafe » da « liƙi » ba su dace ba, domin abin da aka shafa yana wankuwa, reshen nan kuwa ya zama jikin sarƙa. Mun fi son « aure ». Sai dai malami ya faɗakar da ɗalibi inda kwatancin ya gaza: mai lambu yana kawo reshe tsayayye, a nan kuwa reshen yana tsirowa ne a kan uwar, ƙwaya bayan ƙwaya.