Tabon bauta da neman lafiya: Halin da 'yan wahaya ke ciki a yankin Madawa, Buza da Keita

A ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ECOWAS ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadizatu Mani daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. An sayar da Hadizatu a 1996 tana da shekara 12, a kan sefa 240,000, ga wani mutum a yankin Konni na jihar Tawa. Ta yi kimanin shekara tara a gidansa a matsayin wahaya, tana aikin gida da na gona, ta kuma haifa masa 'ya'ya.

Hukuncin ya yi suna a duniya. Abin da bai taɓo ba shi ne lafiyar matan da suka shiga irin wannan hali, ta jiki da ta ƙwaƙwalwa, da kuma wanda zai duba su. Wannan tambaya ta shafi Madawa da Buza kai tsaye, domin suna cikin yankunan da bincike ya fi ambata kan al'adar wahaya, tare da Konni da Illela. Ta shafi Keita ma, maƙwabciyarsu a ƙasar Adar, inda Hausawa da Buzaye suka daɗe suna zaune tare.

Mece ce wahaya?

Wahaya mace ce da ake saye a kawo gida bayan matan aure huɗu, shi ya sa wasu ke kiranta mace ta biyar. Ba a ɗaura mata aure, ba ta da sadaki, ba ta da gado. Mafi yawansu 'ya'yan gidajen da ake ɗauka zuriyar bayi ne a cikin al'ummar Buzaye, masu sayen kuma galibi masu hali ne a ƙasar Hausa, har da tsallaken iyaka a arewacin Najeriya.

A 2012 ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 don yaƙi da bauta a Nijar, tare da Anti-Slavery International ta Ingila, sun fitar da rahoton da Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka rubuta. Masu binciken sun zanta da wahayu 165, suka gano cewa mafi yawansu an sayar da su tun ba su kai shekara 15 ba.

Doka ta haramta wannan. Tun 2003 Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuka, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A 2014 wata kotu a Birnin Konni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu kan ajiye wahaya, karo na farko da aka yi hakan. A 2019 kuma babbar kotun ƙasar ta tabbatar da cewa al'adar mace ta biyar ba ta da gurbi a doka.

Magani kyauta, amma ga wa?

A takarda, asibitin gwamnati ba ya tambayar asalin kowa. Tsakanin 2005 da 2006 Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa, awon ciki, tazarar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a matsayin kyauta. Ƙungiyar likitoci ta MSF ma ta yi shekaru tana tallafa wa sashen yara a Madawa da Buza tun bayan yunwar 2005.

Sai dai kafin a kai ga gadon asibiti akwai matakai. Dole a ba mace izinin fita. Dole a sami kuɗin mota, babur ko amalanke daga ƙauye zuwa ɗakin shan magani. Idan magani ya yanke a asibiti, abin da jinkirin gwamnati wajen biyan kuɗin jinyar kyauta ya sha haddasawa, dole a saya a waje. Wahaya ba ta da iko da lokacinta, ba ta da abin hannu, danginta kuma sukan yi nisa. Matar aure na iya kai ƙara wurin iyayenta idan miji ya ƙi kai ta asibiti. Wadda aka saya ba ta da inda za ta kai tata.

Ga kuma haɗarin ciki da wuri. Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba ta fi fuskantar doguwar naƙuda, wadda ke jawo yoyon fitsari ko mutuwar jariri. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15. Wahaya na cikin wannan haɗari, ba tare da kariyar da aure ke bayarwa ba.

A cikin asibitin ma akwai wani shingen. A 2003 masana Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun wallafa binciken da aka yi a asibitocin birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Sun gano cewa wanda ke da ɗan'uwa, sani ko kuɗi yana samun kyakkyawar tarba, wanda bai san kowa ba kuma yakan gamu da jira da tsawa. Inda sanayya ke buɗe ƙofa, macen da aka raba da danginta tun tana yarinya ita ce a ƙarshen layi.

Abin da Amurka ta koya a makare

Masana shari'a a Amurka irin su Derrick Bell da Kimberlé Crenshaw sun gina wani fannin nazari kan yadda wariyar launin fata ke zama a cikin dokoki da hukumomi. Hujjarsu ita ce soke dokar wariya ba ya kawar da wariya, muddin tsarin gidaje, makarantu da asibitoci ya ci gaba a kan tsohon tubali, ko da ma'aikacin da ke bakin aiki ba shi da mugun nufi. A 1989 Crenshaw ta ƙara da cewa baƙar mace na ɗauke da nauyi biyu a haɗe, na launi da na jinsi, kuma dokar da ke duba ɗaya kawai ba ta ganinta.

Tarihin likitanci a can ya ba su misalai. A 1851 wani likita, Samuel Cartwright, ya yi iƙirarin cewa gudun bawa daga ubangidansa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka ta bar baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere ba magani a Tuskegee, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. Har yau baƙar mace a Amurka ta ninka farar mace kusan sau uku a haɗarin mutuwa wajen haihuwa. Sai a watan Oktoban 2021 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta ƙasar ta nemi afuwa kan rawar da ta taka wajen ƙarfafa wariya.

Ba za a ɗauko wannan nazari a ɗora wa Adar yadda yake ba. A nan, mai saye da wadda aka saya sau da yawa launinsu ɗaya, addininsu ɗaya. Abin da ke raba su shi ne asali, kalmar da ke yanke wanda zai auri wa, wanda zai mallaki gona, da wanda za a saurara a fada. Amma tambayar da nazarin ya kawo ta dace da yankin: idan doka ta ce kowa ɗaya ne, wa ke isa asibiti a kan lokaci, wa kuma ke isa bayan ciwo ya ci ƙarfinsa?

Keita ta ba da misali ta fuskar ƙasa. Shirin raya karkara da aka fara a can a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO ya farfaɗo da faƙo mai yawa, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin. A Nijar, rashin gona na cikin manyan koke-koken zuriyar bayi, kuma gidan da ba shi da gona shi ne tamowa ke fara kamawa a lokacin bazara.

Ciwon da ba a gani

Duka, fyaɗe da raba yaro da uwarsa na barin rauni a zuciya: rashin barci, firgita, baƙin ciki mai nauyi, jin cewa mutum ba komai ba ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar 'yan ƙalilan ne, akasarinsu a Yamai, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga Madawa. Mutanen karkara sukan fara zuwa wurin malam, boka ko 'yan bori, a ce iska ce.

Akwai wani ɗaurin kuma da ke cikin kai. Masu fafutuka sun daɗe suna bayyana cewa ana koya wa bayi tun suna yara cewa aljannarsu na hannun ubangidansu. Wadda ta tashi da wannan tsoro, takardar 'yanci kaɗai ba ta warkar da ita. Shi ya sa muryar malaman da ke bayyana cewa sayar da 'ya mace ba shi da tushe a shari'a take da muhimmanci ga lafiyarta kamar maganin likita.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da shirin mhGAP, wanda ke horar da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa da firgita su kuma kula da su. Irin wannan horo zai fi amfani a Madawa, Buza da Keita idan ya haɗa da sanin wahaya: a gana da mace ita kaɗai ba a gaban wanda ya kawo ta ba, a sami mai fassara Tamashek, a san lauya ko ƙungiyar da za a tura ta. Rubuta asalin mutum a katin asibiti kuwa zai zama sabon tambari, don haka ƙidayar waɗanda ake bari a baya aiki ne na bincike mai ɓoye suna.

Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, hanyar da Hadizatu Mani ta bi ta nemi haƙƙinta ba ta buɗe kamar da. Nauyin yanzu ya koma kan kotunan cikin gida, sarakuna, malamai da ma'aikatan lafiya, waɗanda sau da yawa su ne baƙin farko da wahaya ke gani a wajen gidan da aka ajiye ta.