Kunna Tukunyar Ruwan Zafi Mai Aiki da Gas da Kiyaye Haɗarinta

Bayani domin Hakimai da Malamansu a ƙasar Tambuwal da Kebbe

Itacen wuta yana ƙara nisa da gari, kuɗinsa kuma yana ƙara hawa, saboda haka mutane suna komawa ga gas. Tun shekarar 2007 kamfanin NLNG na Bonny ya fara ba kasuwannin gida gas na girki, kuma cikin watan Maris 2021 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar shekara goma na bunƙasa aikin gas. Bayan ƙaramin murhun gida, akwai babbar tukunyar tafasa ruwa, irin wadda akan kafa a wurin turara shinkafa, ko asibiti, ko makarantar kwana. An yi wannan takarda domin Hakimai da Malamansu su san yadda ake kunna ta, gama yawancin haɗarinta yana zuwa ne daga yin abin da ya kamata a yi daga baya tun da fari.

Halin gas

Gas ɗin da ke cikin silinda ruwa ne wanda aka matse. In ya fito yakan zama iska, ya kumbura kamar sau 250. Ya fi iskar da ake shaƙa nauyi, don haka in ya tsiyaya ba ya tashi sama kamar hayaƙi, sai ya kwanta ƙasa, ya bi kwata, ya taru cikin rami. Kashi 2 kawai cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ya kama wuta. Shi kansa ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai domin hanci ya yi gargaɗi.

Ba a cika silinda fiye da kashi 80 cikin 100, domin ruwan gas ya sami wurin kumbura in ya ji zafi. Wannan magana tana da nauyi a ƙasar Sakkwato, inda zafin bazara yakan wuce digiri 40 cikin Afrilu da Mayu. Lalle ne silinda, ko mai kilo 12.5 ce ko mai kilo 50, ta zauna a tsaye, cikin inuwa, a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da janareto.

Matakan kunnawa

1. Ruwa. Kafin a taɓa gas, mai kula da tukunya ya duba ruwa ya kai alamar da maƙera suka yi. Tukunyar da aka hura wa wuta ba ruwa ƙarfenta yakan yi ja ya tsage.

2. Iska. Ya buɗe ƙofa da tagogi, ya duba bututun hayaƙi ko tsuntsu ya yi sheƙa ciki. Sa'an nan ya sunkuya ya sansana kusa da ƙasa. In ya ji wari, aiki ya tsaya nan.

3. Tiyo. Ya tabbata makunnin murhu a rufe yake, kana ya buɗe kan silinda a hankali. Ya shafa ruwan sabulu a tiyo da duk mahaɗi. Inda kumfa ta taso, nan gas ke fita. Ba a neman wurin tsiyaya da ashana.

4. Ƙaramar wuta. Yawancin waɗannan tukwane suna da 'yar ƙaramar wuta wadda ke kunna babbar. Ya danna makunninta, ya kunna ta, ya riƙe kamar rabin minti har ɗan ƙarfen da ke gefenta ya yi zafi. Wannan ƙarfe shi ne mai gadi: in wuta ta mutu ya huce, sai ya rufe gas da kansa. Kada a ɗaure makunnin da waya ko a toshe shi da tsinke. Inda murhu ba shi da ƙaramar wuta, a kunna ashana tukuna, a kai ta bakin murhu, sa'an nan a buɗe gas.

5. Babbar wuta. Ya buɗe ta kaɗan kaɗan, fuskarsa a gefe, ba a bakin murhu ba.

In wuta ta ƙi kamawa, ko ta mutu, ya rufe gas, ya jira aƙalla minti 5 kafin ya sake gwadawa. Nan ne gaggawa take kashe mutum, domin gas ɗin da ya fita bai ƙone ba yana nan kwance a ƙarƙashin tukunya yana jiran ashana ta biyu.

Lokacin da tukunya ke aiki

Wuta mai lafiya shuɗiya ce, ba ta rawa. In ta yi ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, to iska ba ta ishe ta ba, kuma tana fid da wata guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya ga duk waɗanda ke cikin ɗakin. Haɗarinta ya fi yawa da hunturu, sa'ad da ma'aikata sukan rufe tagogi saboda sanyi, wani ma ya shimfiɗa tabarma kusa da tukunya ya kwanta. Wajibi ne a hana wannan.

Tukunya mai rufaffen baki tana da geji mai nuna ƙarfin tururi, da wata mafita wadda takan buɗe da kanta in ƙarfin ya yi yawa. Ruwa in ya zama tururi yakan kumbura fiye da sau 1,600. Wanda ya ɗora dutse kan mafitar nan don shinkafa ta turaru da wuri, ya sa ran kowa a wurin cikin haɗari. In aka tarar ruwa ya ƙafe, tukunya ta yi zafi, kada a zuba ruwan sanyi. A rufe gas, a bar ta ta huce. Ruwan rijiya kuma yakan bar ƙanzo a gindin tukunya, wanda ke tare zafi ya cinye gas, don haka a riƙa zubar da ruwan ƙasa ana wanke ta.

In an tashi aiki, a rufe kan silinda tukuna, wutar ta cinye abin da ya rage cikin tiyo, kana a rufe murhu.

In an ji warin gas

A rufe kan silinda, a buɗe ƙofofi, a fid da mutane. Kada a kunna fitilar lantarki, kada kuma a kashe wadda ke kunne, gama tartsatsin makunni ya isa. In wuta ta riga ta kama kuma ba a iya kai ga kan silinda, kowa ya yi nisa, a kira 'yan kwana-kwana. Wanda ya ƙone a kwarara masa ruwa mai tsabta kamar minti 20, ba man shanu, ba ƙwai, a kai shi asibiti.

Aikin Hakimi da Malaminsa

Ran 4 ga Janairu 2020 gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha, Kaduna, aka yi asarar rayuka. Irin wannan masifa ba ta tsayawa kan mai shago, har maƙwabta da masu wucewa takan ci. Don haka ana roƙon kowane Hakimi ya umarci dagatai da masu unguwa su kawo sunan duk wurin da aka kafa irin wannan tukunya, daga Dogon Daji da Jabo da Sanyinna har Kuchi. Malamin Hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta wurin, da sunan mutum ɗaya wanda aka koya wa aikin kuma alhakinsa ke wuyansa, da ranar da aka duba tiyo da mafitar tururi, da shekarar ƙirar silinda, wadda ke buge a jikinta. Hukumar SON ta ƙayyade wa silinda shekara 15. Gas kuwa a saya wurin wanda ke da lasin Hukumar NMDPRA, wadda aka kafa a 2021.

Yana da kyau a rubuta matakan nan biyar da boko da ajami, a manna su a bangon ɗakin tukunya, a kuma karanta su ga jama'a ran kasuwa. Allah ya kiyaye ƙasa da talakawanta, amin.